"Ajiye Wayar Nan Ka Ɗauki Littafinka" Ba Ta Isa Ba

Babu umarnin da iyaye ke yawan bai wa matashi kamar "ajiye wayar nan ka ɗauki littafinka", kuma da wuya a sami wanda ya kai shi rashin tasiri. Yaron zai ajiye wayar, ya ɗauko littafin, ya buɗe a kan cinyarsa. In ka leƙo bayan rabin awa, shafin da ya buɗe yana nan yadda yake. Ya bi umarni, amma bai karanta komai ba. Uba yana iya tilasta wa ɗansa zama, yana iya tilasta masa riƙe littafi, amma abin da ke gudana tsakanin ido da shafi ba ya jin umarnin kowa.

Damuwar iyaye dai tana da tushe. Tun shekarar 2000 OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da yawancinsu masu arziki ne, take shirya jarrabawar PISA ga 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, kuma ana tambayar yaran yadda suke ji game da karatu. A 2000, kashi 36 cikin 100 na ɗaliban ƙasashen ƙungiyar ne suka ce ba sa karanta abu sai ya zama dole. A 2018 adadin ya kai kashi 49. Da aka sake jarrabawar a 2022, bayan annobar korona, matsakaicin makin karatu ya sauka da maki 10. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi abin ya fi haka tsanani: a 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na 'yan shekara 10 ba za su iya karanta gajeren rubutu mai sauƙi su gane shi ba. Yaran nan sun ƙara girma, su ne matasan da ake yi wa faɗa a yau.

Inda nake ganin iyaye ke tuntuɓe shi ne ɗaukar "ba ya karatu" a matsayin matsala guda ɗaya. Akwai yaron da karatun ke ba shi wahala, yana ɓoyewa. Akwai wanda ya iya sarai, amma bai ga dalilin yi ba. Akwai kuma wanda kullum cikin karatu yake, sai dai abin da yake karantawa ba ya cikin lissafin iyayensa. Daga nesa duk kamarsu ɗaya. Amma faɗan da zai ɗan zaburar da na biyu, shi ne zai ƙara durƙusar da na farko.

Na farkon ya fi kowa buƙatar a tsaya a kansa, domin shi ne aka fi zalunta ba da niyya ba. Ɗan shekara 14 da ba ya karatu da kyau ya san da haka, kuma ba abin da yake tsoro kamar a gane. Don haka ya ƙware wajen ɓoyewa. Shi ne mai manta littafi a makaranta, mai ciwon kai a lokacin aikin gida, mai barkwanci a aji, wani lokaci ma mai taurin kai, don ya fi masa sauƙi a ce da shi mara ji da a ce da shi daƙiƙi. Hanyar gano shi ba jarrabawa ba ce. Uwa ta miƙa masa wani labari ta ce, "Hannuna ba sarari, karanta min wannan in ji." Sai ta kasa kunne tana ci gaba da abin da take yi, ba tare da ta gyara masa ko kalma ɗaya ba. Shin yana sarƙewa a dogayen kalmomi? Yana ganin harafin farko ya cinki sauran? Yana wuce aya kamar babu ita, har numfashinsa ya ƙare a tsakiyar jimla? Ko kuwa ya zuba karatun tiryan-tiryan, amma da ta ce, "To, me suka ce ya faru?" sai ya koma yana neman amsar a shafin?

Waɗannan matsaloli biyu ne daban. A 1986 masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar rubutu tana tsaye ne a kan abu biyu: iya mayar da haruffa su zama kalmomi, da kuma fahimtar harshen kansa. In ɗaya ya gaza, ɗayan ba zai cike gurbinsa ba. Mai sarƙewa a kalmomi ya ƙarar da hankalinsa wajen haɗa baƙi, bai rage komai na bin ma'ana ba. Shi wannan yana buƙatar malamin da zai koma da shi tushe, a keɓe, ba a gaban ƙannensa ba. Ya kamata kuma a duba idonsa da kunnensa, a kuma bincika ko yana da larurar da ake kira disleksiya, wadda ke wahalar da mutum wajen haɗa sauti da harafi, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Wanda yake zuba karatu bai gane ba kuwa, kalmomi da sanin duniya ne suka yi masa ƙaranci. Masu nazarin koyon harshe sun nuna cewa sai mai karatu ya san kusan kalma 98 cikin kowace 100 kafin ya bi rubutu cikin sauƙi ba tare da taimako ba. Ke nan in kalma goma a shafi ɗaya baƙi ne gare shi, shafin ya zama aiki, ba jin daɗi ba.

Abin da ya sa ba a jira a ce "zai gane da kansa" shi ne, tazarar ba tsayawa take yi wuri ɗaya ba. Keith Stanovich ya yi bayanin wannan a 1986: wanda karatu ya yi wa sauƙi yana ƙara karantawa, kalmominsa su ƙaru, karatun ya ƙara sauƙi, wanda ya yi wa wuya yana gudunsa, sai ya ƙara wuya. Wani bincike da Richard Anderson da abokan aikinsa suka wallafa a 1988 kan 'yan aji biyar a Amurka ya sa wa maganar adadi. Yaron da ke cikin masu yawan karatu, mai karanta littafi na kimanin minti 21 a rana a wajen makaranta, yana haɗuwa da kalmomi kusan miliyan 1.8 a shekara. Wanda ke can ƙasa yana haɗuwa da kimanin 8,000. Suna iya zama a aji ɗaya, malami ɗaya na koyar da su. Abin lura a nan ƙanƙantar lokacin ne. Ba awa uku ake magana ba, minti ashirin ne da ɗoriya, amma kullum.

Akwai wani gwaji da nake ganin ya kamata kowane uba ya sani. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie suka ba wasu 'yan ƙaramar sakandare a Amurka rubutu a kan wasan besbol. Wasu yaran gwanaye ne a karatu, wasu raunana. Wasu sun san wasan, wasu ba su san shi ba. Raunanan da suka san wasan sun fi gwanayen da ba su san shi ba fahimtar rubutun. Wannan yana nufin cewa yaron da aka yanke wa hukuncin rauni yana iya zama gwani in aka ba shi rubutu a kan abin da ya sani, ko ƙwallon ƙafa ne, ko injin mota, ko ɗinki, ko taurari. Daga nan ya kamata a fara. Yana kuma nufin cewa hirar gida tana cikin koyar da karatu. Gidan da ake tattauna labarai, ake bayyana wa yaro dalilin da ya sa ake yaƙi a wuri kaza ko yadda cuta kaza take yaɗuwa, ake barinsa ya yi gardama, gida ne da ke tara masa abin da zai gane littafi da shi gobe.

Sai na biyu, wanda ya iya amma ba ya so. A nan ne shekarunsa suke shigowa cikin maganar. Ƙaramin yaro yana karatu don ya faranta wa uwarsa rai. Matashi kuwa yana cikin aikin gano ko shi wane ne, kuma duk abin da aka ɗora masa da ƙarfi yakan zama abin da zai nuna 'yancinsa da ƙin yi. Edward Deci da Richard Ryan sun shafe shekaru suna nazarin abin da ke sa mutum ya yi abu don kansa, suka ce abu uku ne: ya ji shi ya zaɓa, ya ji yana iyawa, ya ji yana da alaƙa da wasu ta dalilin abin. Umarnin "ɗauki littafinka" bai ƙunshi ko ɗaya ba.

Da yawa sukan koma ga lada: gama littafin nan in ba ka kaza. Yana aiki, amma na ɗan lokaci, kuma yana da illa. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa suka sami ƙananan yara masu son zane, suka yi wa wasunsu alkawarin takardar yabo in sun yi zane. Bayan kwanaki, da aka bar su su yi wasan da suke so, waɗanda aka yi wa alkawarin sun rage zane fiye da sauran. Abin da suke yi don daɗi ya koma aikin da ake biya, in ba biya ba aiki. Ba na cewa kada a taɓa yi wa yaro kyauta. Amma in za a yi, wani littafin da shi zai zaɓa ya fi komai dacewa.

Zaɓin nan shi ne inda iyaye suka fi jin nauyi, domin abin da matashi zai zaɓa sau da yawa ba shi ne abin da za su zaɓar masa ba. Labarin soyayya, labarin 'yan sanda da ɓarayi, tarihin wani ɗan wasa, littafi mai hotuna. Uba ya duba ya ce wannan ai shirme ne. Yana da hakkin ya hana abin da zai ɓata tarbiyya, wannan ba a ja da shi. Amma tsakanin abin da ke ɓata tarbiyya da abin da kawai bai burge uba ba akwai fili mai faɗi, kuma a cikin filin nan ne ake zama mai karatu. A 2013 Alice Sullivan da Matt Brown suka bi bayanan mutum kusan 6,000 da aka haifa a Birtaniya a 1970. Suka gano cewa waɗanda ke karatu don nishaɗi suna da shekara 10 da 16 sun fi ci gaba a yawan kalmomi da rubuta su daidai, har ma da lissafi, kuma tasirin yawan karanta littafi da jarida da zuwa ɗakin karatu, in aka haɗa su, ya ninka na samun uba ko uwa mai digiri kusan sau huɗu. Don nishaɗi aka ce, ba don jarrabawa ba. Don haka a bar shi ya ajiye littafin da ya gundure shi ya ɗauki wani, manya ma haka suke yi. Kuma in ya gama, kada a tsare shi da tambayoyi irin na malami. "Yaya, ya yi daɗi? In karanta ko ɓata lokaci ne?" ta fi "faɗa min darasin da ka koya" buɗe baki nesa ba kusa ba.

Na ukun shi ne ɗan waya. Gaskiya ne yana karanta dubban kalmomi a rana, amma guntu-guntu, kowanne na daƙiƙa kaɗan, sanarwa na katse shi. Abin da bai saba ba shi ne riƙe zaren magana ɗaya na shafi goma. A 2018 Pablo Delgado na Sifaniya da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon bincike masu yawa, suka ga cewa ana ɗan fi fahimtar rubutun bayani a takarda fiye da a allo, musamman in lokaci ya ƙure, amma a labarin ƙirƙira bambancin bai fito ba. Ke nan wayar ba abokiyar gaba ba ce kacokan, ga matasa da yawa ma ita ce kaɗai ɗakin karatun da suke da shi. Abin da ya kamata a yi yaƙi da shi shi ne katsewa da kuma dare. Likitocin barci suna cewa 'yan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma wanda ya raba dare yana latsa waya ba zai iya bin sakin layi ɗaya da safe ba. Dokar ajiye waya a wani lokaci na yamma tana aiki, amma fa sai ta hau kan kowa. Gwano ba ya jin warin jikinsa: uban da ke wa ɗansa wa'azin littafi idonsa na kan allo, ɗan ya riga ya ga wanda zai bi tsakanin maganar da aikin.

Iyayen da su kansu ba su yi karatu mai zurfi ba sukan ɗauka wannan magana ba tasu ba ce. Tasu ce, har suna da wata dama da wasu ba su da ita: in suka ce a karanta musu wasiƙa ko labari ko takardar magani, buƙatar ta gaske ce, kuma matashi yana jin bambanci tsakanin a gwada shi da a dogara da shi. Haka nan kada a raina karatu da harshen gida don ba da shi ake jarrabawa ba. Jim Cummins ya daɗe da nuna cewa ƙwarewar da aka samu a harshe ɗaya, kamar bin hujja da gano manufar marubuci, tana bin mutum zuwa harshe na biyu.

Rubutu kuwa ya fi karatu saurin mutuwa a hannun iyaye masu kyakkyawar niyya. Yarinya ta rubuta labari shafi biyu, ta daure ta kawo wa babanta. Ya karɓa, ya zaro biro. Kafin ya kai layi na biyar ya zagaye kalma uku, ya sa waƙafi biyu, ya ce rubutun hannunta kamar na 'yar aji ɗaya. Duk gyaran da ya yi daidai ne. Amma har ya miƙa mata takardar bai ce komai a kan labarin ba, bai ce ya gane abin da ya sami yarinyar da ke cikinsa ba. Ba za ta sake kawo masa ba. Masu gyara suna da yawa a makaranta. Abin da ba ta da shi shi ne mai karantawa, wanda zai ce, "Nan wurin ya ba ni dariya," ko "Tsaya, ban gane ba, wa ya buɗe ƙofar?" Tambaya irin ta biyun nan gyara ce ita ma, kuma ta fi zagaye kalma amfani, don tana koya wa marubuciya abu mafi wuya a rubutu: mai karatu ba ya cikin kanta, abin da ke kan takarda kaɗai yake gani.

Bincike yana bayan wannan. A 2007 Steve Graham da Dolores Perin suka tattara gwaje-gwajen da aka yi kan koyar da matasa rubutu. Abin da ya fi tasiri shi ne koya musu matakan aikin, wato tsarawa kafin a fara, da sake dubawa, da gyarawa, sai kuma koyon taƙaita abin da aka karanta, da yin rubutu tare da wani, da sanin takamaiman abin da ake so rubutun ya cim ma. Koyar da ƙa'idojin nahawu su kaɗai, a ware da rubutu, bai inganta rubutun yaran ba. Abin da ya taimaka a maimakonsa shi ne haɗa jimloli. A ba yaro "Ruwa ya sauka. Hanya ta lalace. Motoci sun tsaya." a ce ya mayar da su jimla ɗaya. Zai ce "Da ruwa ya sauka sai hanya ta lalace, har motoci suka tsaya," ko "Motoci sun tsaya saboda ruwan da ya lalata hanya," sai a tambaye shi wacce ta fi, kuma don me. Wasa ne na minti biyar, ba ya buƙatar digiri.

Taƙaitawa ma haka. "Faɗa min abin da labarin nan ya ƙunsa a jimla uku, a rubuce, ba ni da lokacin karanta shi duka." Wanda zai yi wannan dole ya raba muhimmi da wanda ba muhimmi ba, kuma Graham da Michael Hebert sun nuna a 2010 cewa yin rubutu a kan abin da aka karanta yana ƙara fahimtarsa. Mafi kyawun aikin rubutu a gida shi ne wanda wani zai karanta da gaske: saƙo zuwa ga ɗan'uwa na nesa, takardar neman wani abu, bayanin yadda ake amfani da wata na'ura don kaka ta gane. In matashi yana neman izinin wani abu da ake ja-in-ja a kai, a ce ya kawo hujjojinsa a rubuce, kuma in hujjar ta yi ƙarfi a yarda. Ranar zai gane amfanin rubutu fiye da yadda zango guda na makaranta zai gane da shi. Kafin ya miƙa kowane rubutu, a saba masa da karanta shi da murya. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake, kuma kuskuren da ya kama da kansa ba ya zafi.

Yabo ma yana da hanya. Claudia Mueller da Carol Dweck sun gano a 1998 cewa yaran da aka yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya daga baya, kuma sun fi saurin karaya, fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. "Kai gwani ne" ba ta gaya masa abin da zai maimaita. "Yadda ka fara da tambaya ya sa na so in ji sauran" ta gaya masa. Sai kuma abu ɗaya da ba a sasantawa a kansa: littafin da matashi ke rubuta sirrinsa ba a buɗe shi. Wanda ya gano an karanta masa ba zai daina ɓoye sirri ba, rubutun zai daina.

Gajerce kalmomin da suke yi a saƙonni, wanda ke tayar wa manya hankali, bai kai yadda ake zato ba. Binciken Clare Wood da abokan aikinta a Jami'ar Coventry bai sami shaidar cewa yana lalata iya rubuta kalmomi daidai ba. Abin koyarwa kawai shi ne kowane wuri da irin rubutunsa, na aboki daban, na shugaban makaranta daban.

Abin da ya fi wannan girma ya zo ne a ƙarshen 2022, lokacin da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, ya fito, ire-irensa suka biyo baya. Yanzu matashi yana iya kawo insha'i mai tsabta, babu kuskure ko ɗaya, alhali bai yi tunanin jimla guda a ciki ba. Hani ba zai yi aiki ba, manhajar tana aljihunsa, kuma zai yi aiki da ita in ya girma. Abin da iyaye za su iya tsayawa a kai shi ne jerin aikin: ya fara rubuta nasa da kansa, komai muninsa, sannan ya nemi manhajar ta nuna masa inda hujjarsa ta yi rauni, shi kuma ya gyara da hannunsa. Gane ko an bi wannan ba ya buƙatar wata na'ura. A ajiye takardar a gefe a ce, "Me kake nufi da sakin layi na biyu? Me ya sa ka sa wannan misalin ba wani ba?" Wanda ya rubuta da kansa zai amsa ko da yana in'ina, wataƙila ma ya yi gardama. In ya kasa, ba sai an kira shi maƙaryaci ba. A ce ya rufe wayar ya faɗi ra'ayinsa da baki, sannan ya rubuta abin da ya faɗa.